Allurar da ta kwana ƙarƙashin ƙanƙara

Wata goma sha ɗaya ban ce uffan a shafin nan ba. Masu cewa girman kai na yi, ku yafe ni, jinya nake.

Abin ya fara da ɗan ƙullutu a hammata. Na ce maruru ne, na ci gaba da koyarwa a lakwal ɗinmu ta Maijirgi. Daga Tasawa aka tura ni Maraɗi, daga can sai Yamai. Aka yanki tsoka aka auna. Ciwon daji ne.

Ƙarin ruwan magani na uku shi ya kayar da ni. Awo ya nuna fararen ƙwayoyin jinina, masu tsaron jiki, sun kusa ƙarewa. Likita ta rubuta wata allura da ake haɗawa a ɗakin bincike, mai zaburar da ɓargo ya yi sababbi. In ba su ƙaru ba, babu ƙarin ruwa na huɗu, ciwon kuwa ba ya jiran kowa.

"A ajiye ta cikin sanyi," in ji ta. Iyakar bayanin ke nan.

Maigidana ya sayar da tumaki biyu ya sayo alluran. A danginmu kaf, Inna Rabi ce kawai mai firijo, ƙanwar mahaifiyata da ke sayar da ƙanƙara a Tasawa.

"Maganin ɗiyata ne? Kawo shi nan, can ƙasa za ni sa shi, inda ya fi sanyi."

Ta kwashe kayan sana'arta ta binne alluran a wuri mafi daraja da take da shi. Wuta ta ɗauke suka narke, ta dawo suka sake daskarewa. Kwana biyu ana haka.

Ranar allura da muka kai asibiti, ma'aikacin jinya ya juya kwalin da ya jiƙe sharaf ya dube ni. "Malama, wagga ta daskare ta narke ba sau guda ba. Ba ni yi maki ta."

Wallahi na ji haushi, har yanzu ma ina ji. Mun biya kuɗin ganin likita, mun biya farmasi, amma a rasa mai buɗe baki ya ce kar ta daskare?

Kafin a samo wasu, zazzaɓi ya rufe ni. Sati guda ina kwance, ina tsoron tarin duk wanda ya shigo gaishe ni. Aka ɗaga ƙarin ruwan. Alluran na biyu a firijon rigakafi na asibiti suka zauna, ƙwayoyin jinin suka ƙaru, na ƙarasa magani. Awon ƙarshe ya yi kyau, alhamdulillahi.

Don Allah, in an ba ku maganin ajiya cikin sanyi, ku tambaya dalla-dalla, ku nemi asibiti su ajiye muku. Ƙullutu kuma a kai shi awo da wuri.

Na gode wa maigidana da duk wanda ya yi mini addu'a.

Inna Rabi ba ta san alluran sun lalace ba. Duk mai sayen ƙanƙara sai ta gaya masa firijonta ya warkar da ɗiyarta. Ba ta karanta shafin nan, ku kuma kar wanda ya kai mata.