Telan da Ya Riƙe Mini Ƙamus

Baba tela ne, karatunsa bai wuce firamare ba. Ranar da na samu gurbi a makarantar jinya ya shigo da ƙamus ɗin kalmomin likitanci, na hannu, bangonsa a yage. Ya ɗinka masa riga da ragowar yadin wando.

Kullum da yamma sai in zauna a bencin shagonsa. Ya buɗe littafin a kan keken ɗinki, ya sa yatsa, ya haɗo kalma da kyar, ni kuma in kawo ma'ana. Ashirin muke yi a rana, ni ke ƙirgawa. Duk wadda na kasa, hukuncina in ɗinke maɓalli ɗaya.

"Auta, wannan kuma sunan cuta ne ko ashar?"

"Cuta ce, Baba."

"To Allah ya raba mu da cutar da sai an sha ruwa kafin a gama kiranta."

Haka muka yi har na gama makaranta. Na fara aiki ke nan ya soma ramewa, wandon da ya ɗinka wa kansa yana zame masa. Aka kwantar da shi a ɗakin da nake aiki. Da sakamako ya fito, ni da Yaya muka roƙi likita kada a gaya masa cutar daji ce, don kar ya karaya.

Washegari likita ya tsaya a ƙarshen gado, ya yi mini bayani da yarenmu na asibiti. Baba yana ta kallon silin.

Da likita ya fita, ina gyara masa ƙarin ruwa, sai ya ce, "Auta, kalma ta biyun nan da ya faɗa, ai ita ce ta sa ki ɗinkin maɓalli har kika yi fushi. Abin ya bar inda ya tsiro, ko?"

Na kasa ɗago kai.

"Hanta ko huhu?"

"Duka biyun, Baba."

 Ya laluba ƙarƙashin filo ya miƙo mini makullin shago.

"Yadin da ban yanka ba, ki mayar wa masu shi. Wanda na yanka, ki kai wa maƙwabcina ya ƙarasa. Kar wani ya rasa kayan sawa saboda ni."

Ƙulli goma sha bakwai na tarar. Na bi gida-gida, kowa ya karɓa sai ya tambaye ni yaushe Baba zai buɗe.