Kawar da Baba Ya Yi wa Ƙaura

Bana shekara arba'in da bakwai ke nan da rasuwar mahaifina, Idrisu mai nutso. Na riga na zarce shekarun da ya yi a duniya, amma har yau in na ji ƙarnin teku sai in ga kamar yanzu zai turo ƙofa, gishiri ya bushe fari a gemunsa.

A Nuzla, wata unguwa a Jidda, aka haife shi. Iyayensa sun taso daga ƙasar Hausa da ƙafa, suka sauke farali, komawa ta gagara, suka zauna. Shi kuma teku ta ja shi tun yana saurayi. Yakan shiga ɗan kwalekwalensa da ake ce wa huri, ya nitse ya ɓamɓaro kawa, wadda mutanen Jidda ke kira mahar. Ɓawonta ake saye a yi maɓallai. Lu'ulu'u kuwa sai mai rabo, Baba bai taɓa samun na kirki ba.

Kudu da gari akwai inda kawa ta yi tuli, sabuwa manne da ɓawon tsohuwa. Baba yakan ce ruwan wurin ya fi ko'ina haske saboda kawa na tace shi, ƙananan kifi kuma a saƙo-saƙonta suke ɓuya har su girma.

Shekarar da aka yi mini aure aka fara cike bakin teku da ƙasa, don gari na faɗaɗa. Laka ta tashi tana sauka a kan kawar. Lokacin kunnen Baba ɗaya ya riga ya mutu, likita kuma ya hana shi nutso saboda ƙirjinsa. Ya bari. Amma ranar da ya je ya leƙa ya tarar kawar na buɗe baki tana mutuwa, ya dawo ya kasa cin abinci.

"Halas, ya isa haka, Malam," in ji Inna, mahaifiyarmu. "Teku ba taka ba ce. Mu ne naka."

"Na sani, Hajara. Amma da ita muka rene yaran nan. Kowa ya ci ladan kuturu, ai dole ya yi masa aski."

Washegari Inna ce ta ɗinke masa buhunan ɗiba.

Ya sami wuri can gaba inda laka ba ta kai ba, ya shimfiɗa tsofaffin ɓawo a ƙasan ruwa. Sannan ya riƙa ɗebo masu rai, ya lulluɓe su da jiƙaƙƙen buhu, ya tuƙa huri ya kai su. Abokansa suka ce aikin baban giwa yake yi. Duk sanda na zo gida sai in iske shi zaune a gindin bango yana tari, Inna na shafa masa mai a baya, fuskarta a ɗaure.

Yawancin kawar ta mutu. Amma da shekara ta zagayo, ya shigo da ɓawo guda cikin gwangwanin ruwa, 'yan mitsi-mitsin kawa manne a jikinsa, kowace ba ta wuce farcen jariri ba. Ya ɗora wa Inna a tafin hannu. Ta daɗe tana kallo, sannan ta share ido da gefen mayafi.

"Yalla, maza mayar da su kafin su mutu mana a gida."

Nutson mayar da su shi ne na ƙarshe da ya yi. Ƙirjin nan ne ya zama ajalinsa bayan wasu shekaru, kuma ban taɓa jin Inna ta ce da ma ta faɗa ba.

Kwanan baya jikana ya nuna mini a waya yadda a wasu ƙasashe ake tara ɓawon kawa cikin raga ana zubawa a teku, don ruwa ya washe, kifi ya dawo, igiya ta daina cinye gaɓa. Na yi ta tunanin me Baba zai ce. Bakin tekun Jidda na yau ba zai gane shi ba. Amma ba mai riƙon duniya a zuci ba ne. Ina jin tambayarsa ta farko ita ce ko akwai sauran wuri a jirgin masu zuba ɓawon.

Bai bar mana gida ba, cikin zuriyarsa kuma babu mai nutso. Ko kawarsa na nan, Allah ne masani. Sai dai bara a kasuwar kifi wani tsohon masunci ya tambaye ni 'yar wane ce. Da na faɗa, ya ajiye wuƙarsa ya ce su tsofaffi har yau Dutsen Idrisu suke kiran wurin da ya kai kawar, kuma ba su taɓa jefa ƙugiya a can sun dawo hannu biyu ba.

Allah Ya sanyaya makwancinka, Baba, kai da wadda ta ɗinka buhunan.