Manzo mai faci da ɗan da ya sa wa albarka

Duk direban da tayarsa ta taɓa sacewa tsakanin Damagaram da Difa ya san rumfar Alhaji Manzo a bakin tashar Gure. Gajeren mutum ne mai faɗin ƙirji, kullum da tsohuwar hular soja wadda rana ta cinye launinta. Asalinsa ɗan Gamu ne. Ubansa manomin gero ne, shi kuwa ya ajiye hauya ya shiga soja tun gemu bai tsiro masa ba.

Babban abu guda ne ya same shi a duniya. Shekarar da aka yi yaƙin Kuwaiti, aka nemi sojojin da za su tafi Saudiyya, Manzo ya ɗaga hannu. Suka yi watanni cikin rairayi suna gadin wani sansani, suna cin shinkafa da naman gwangwani. Ya ji rugugin bama-bamai daga nesa, amma bai harbi kowa ba, ba wanda ya harbe shi. Kafin su dawo aka kai su Makka suka yi ɗawafi. Ya sauka Gure da rediyo da agogo, mutane suka laƙaba masa Alhaji, ya auri Hamsatu. Da ya tuɓe kaki sai ya koyi faci, ya kafa rumfa.

A rumfar nan ya ba da labarin Saudiyya har direbobi suka haddace shi. 'Ya'yansa ma da shi suka tashi. Zaliha, babbar, ta zama malamar lekwal, tana koyar da yara a Gidigir. Sha'ibu, autan, ya fara jami'a a Damagaram, bai kai ƙarshe ba, ya dawo gida yana kabu-kabu da moton wani.

Wata Jumma'a bayan an sauko daga masallaci, Zaliha ta zo hutun ƙarshen mako, ana zaune a zaure ana shan fura, Sha'ibu ya ce yana da magana. Wani mutum a Yamai yana ɗaukar samari zuwa Rasha, aikin soja na shekara guda, da albashi da takardar zama a ƙasar. Ya riga ya ba da sunansa. Albarkar Baba kawai yake jira.

Zaliha ta ajiye ludayi. "Ka san yaƙi ake yi a can?"

"Na sani, Yaya. An ce mu baƙi a baya za a ajiye mu, gadi da ɗaukar kaya."

"Wa ya ce? Mutumin da ke ɗaukar ku?" Ta juya wajen uban. "Baba, ka hana shi. Ina da hotuna a waya, in nuna maka yadda ƙananan jirage marasa matuƙi suke bin mutum har cikin rami."

Manzo bai karɓi wayar ba. Ya ce, "Lokacin da zan tafi, haka uwata ta yi ta kuka a Gamu, tana cewa Larabawa za su binne ni. Ga ni zaune. Ku yaran yanzu waya ta sa muku tsoro."

"Baba, naka ba irin wannan ba ne. Kai ƙasarka ce ta aike ka, da shugabanninka, da sunanka a rubuce. Shi wa ya aike shi? Mutanen da zai harba, me suka yi masa? Ko sunan garinsu bai iya faɗa ba."

"Soja ba ya tambayar wannan."

"Ai shi ba soja ba ne, ɗan kabu-kabu ne."

Sha'ibu ya miƙe, ransa a ɓace. "Shi ya sa zan tafi. Ke kina da aikinki. Ni in tsufa a kan moton wani?"

Hamsatu tana bakin ƙofa, ta ce a hankali, "Alhaji, a dai ƙara tunani." Manzo ya ce ya gama tunani. Ya kira yaron, ya ɗora masa hannu a ka, ya sa masa albarka. Zaliha ta koma Gidigir tun a ranar, ba ta kwana ba.

Da farko saƙonnin murya suna zuwa a kai a kai. Sha'ibu yana dariya, yana cewa ya ga ƙanƙara tana zuba kamar audugar rimi, an ba su takalma masu nauyin turmi. Manzo yakan ƙure muryar wayar a rumfa don direbobi su ji. Daga baya saƙonnin suka gajarce. Na ƙarshe cewa ya yi, "Baba, an ce gobe za a matsa da mu gaba. A yi mini addu'a." Daga nan shiru.

Damina ta zo ta wuce, aka yanke gero. Hamsatu ta rame, ta yi ta sadakar masa duk Jumma'a. Zaliha ta je Yamai neman mutumin da ya ɗauke su, ta tarar ɗakin da yake haya ya zama shagon ɗinki. Manzo kuwa bai yi kuka ba, bai kuma rasa barci ba, abin da shi kansa ya ba shi mamaki. Yakan buɗe rumfa da safe, ya tsoma tayar ciki a ruwa, ya bi kumfa har ya gano hujin, ya goge, ya shafa gam, ya manna. In an tambaye shi labarin yaro sai ya ce, "Muna jira." Yana jin maganar tana fita daga bakinsa kamar wani ne ke faɗinta. Abinci ya daina yi masa daɗi ko rashin daɗi. Akwai ranar da guduma ta sauka a kan babban yatsansa, ya tsaya yana kallon jinin, sai da wani direba ya ce masa ya ɗaure.

Bayan babbar Salla ta shekarar da ta biyo, wata baƙuwar lamba ta kira Zaliha. Sha'ibu ne, yana tashar mota a Yamai, yana so a zo a ɗauke shi don ba zai iya tafiyar shi kaɗai ba. Ita ta je.

Manzo yana rumfa lokacin da motar ta tsaya. Zaliha ta fara saukowa, sannan ta miƙa hannu ta karɓi sanduna biyu na ƙarfe, sannan yaron. Ƙafar hagu ta ƙare a gwiwa, an naɗe wandon an soke da allura. Manzo ya tashi, ya goge hannunsa a riga, ya ƙarasa.

"Sannu da hanya," ya ce.

Sha'ibu ya juyo da kunnen dama, don na hagun ya mutu. "Baba, mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau."

Ya jira wani abu ya motsa a ƙirjinsa, bai motsa ba. Ya ɗauki jakar yaron, ba ta da nauyi, ya wuce gaba suka bi shi.

Gida ya cika da 'yan barka har mako ya zagayo. Hamsatu ta yi kuka ta gode wa Allah. Zaliha ba ta taɓa ce wa ubanta ai ta faɗa ba. Ta nemi a dawo da ita aiki Gure, aka dawo da ita, ita ke kai ƙanen nata asibitin Damagaram ana gwada masa ƙafar roba. Tsakaninta da Manzo sai gaisuwa, cikin ladabi, ba ƙari.

Sha'ibu ba ya labarin can, ba wanda ya matsa masa. Yawanci yana zaune a zaure yana kallon bango. Wata safiya Manzo ya kawo masa ruwa a buta, zai juya ke nan yaron ya yi magana.

"Mu bakwai muka tashi daga Yamai. Akwai Ibram, ɗan Bune, ka san ubansa, mai kawo kanwa kasuwa. Na bar shi a wani daji, ban iya jan shi ba. Ban san ko an binne shi ba."

Manzo ya tsaya riƙe da labule.

"Uban bai sani ba," Sha'ibu ya ce. "Ni ba zan iya zuwa in faɗa masa ba."

"To," Manzo ya ce.

Ranar kasuwa ya rufe rumfa da hantsi, ya sa farar riga, ya bi layin masu kanwa yana tambaya har aka nuna masa dattijon yana sauke buhuna daga amalanke. Suka gaisa, suka tambayi gida da dabbobi. Manzo ya ce masa su ɗan koma inuwa, akwai magana. Dattijon ya ɗaure jakinsa, ya biyo shi.