Dakta Siddiƙu da Katantanwar Dutse

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha takwas ga Safar, bayan Azahar, labari ya iske ni Dundaye cewa Allah Ya karɓi ran Dakta Siddiƙu Sa'ad, malamin ilimin duwatsu a jami'a, a gidansa da ke Mabera.

Dakta, ni ne Ɗahiru mai ginar rijiya, abokin gardamarka.

Shekara ashirin da shida ke nan da munka haɗu. Na fito daga rami, na iske ka tsugune cikin jibgin ƙasar da munka fiddo, da farar riga, kana tono kamar kaza. Ka ɗago wani dutse naɗaɗɗe kamar katantanwa, inda ya fashe ana ganin cikinsa ɗaki-ɗaki. Ka ce wata dabbar teku ce, rairayi ya rufe ta har ya daskare da ita. Ka ce nan Sakkwato da muke tsaye, dā ƙarƙashin teku take.

Na ce, "Malam, boko ya taɓa ka. Ruwan Ɗufana ne ya kawo shi."

Ka yi dariya ka ce, "Baba Ɗahiru, ko ni ko kai, an dai yi ruwa. Gaba nawa ka same shi?"

Wagga tambaya ita ta ɗaure mu. Mu da gaba muke awon zurfi, hannu buɗe zuwa hannu. Shekara biyu kana rubuta gabana da lissafin gaban dogon mutum, alhali ni gajere ne. Da ka gano, ba ka ɓoye kurenka ba. Ka jingina ni ga bango gaban abokan aikina, ka gwada hannuwana, ka koma ka gyara littafinka kaf. Kana cewa dutsen da ba a san raminsa ba maraya ne.

Lokacin da ƙasa ta rufta mini a ƙafa, wata uku kana zuwa duk Jumma'a da goro da magani. Ba ka taɓa zama kujera ina tabarma ba.

Bara ka ce mu zauna mu gama rubuta asalin duwatsun da na kawo maka. Na yi ta ja maka rai, wai kaina ya fi takarda. Saura duwatsu sha tara ciwo ya kwantar da kai. Wanga laifina ne, na ɗauka.

Ranar sadakar uku anka yi ruwa, ƙofar gidanka ta yi caɓi. Masu hidima sunka ga kwandon duwatsun nan sha tara a zaure, sunka jera su don baƙi su taka. Ba da mugunta ba, dutse sunka gani. Na shiga taɓon na zauna, na hana kowa wucewa, ina tsince su cikin rigata. Wasu na cewa tsoho ya ruɗe.

Sai ɗiyarka Juwairiyya ta fito ta durƙusa gefena. Ta ɗauki ɗaya ta goge da mayafinta, ta ce, "Baba, wanga gaba nawa?"

Na ce, "Sha ɗaya da rabi, rijiyar bakin masallacinmu."

Yanzu duk Asabar tana zuwa da littafinka. Mun gama bakwai, kuma da hannunta anka rubuta wagga ta'aziyya. Na faɗa mata ruwan Ɗufana ne. Ta yi irin dariyarka.

Allah Ya jiƙanka, Dakta, Ya yalwata kabarinka, Ya sa iliminka ya zama sadaka mai gudana. Ina yi wa Hajiya Hindu mai ɗakinka ta'aziyya, da 'ya'yanka da ɗalibanka. Allah Ya ba mu haƙuri. Ni kuma Ya ara mini kwana in sallami sha biyun da sunka rage, kada in iske ka da maraya ko ɗaya.