Na Hutar da Baba

Baba ya shekara arba'in yana taka sayyada daga Kwandere zuwa gonar doya, amma da na dawo da shi gidana a Lafia, ko coci ba ya kaiwa sai ya tsaya, ƙwaurinsa ya ɗaure. Likita ta ce jini ne ba ya sauka ƙafar sosai, kuma babban maganin tafiya ce: ya taka har ciwon ya taso, ya huta, ya ci gaba, kullum. In ya zauna, zai iya rasa ƙafar. Ina wurin, da kunnena na ji.

Baba ya riƙe maganar gam. Kowace safiya sai ya ɗauki sandarsa, ya huta jikin katangar makaranta, ya huta gindin mangwaro, ya kai bakin titin Doma ya juyo. Bayan wata biyu ya wuce mangwaron bai tsaya ba, ya dawo yana ba ni labari, baki har kunne.

Sai mutane suka sa mu a baki. Maƙwabciyarmu mai sayar da manja ta tare ni ina wanke mota.

"Oga, mota yana nan, babanka yana tirekin da ƙafa cikin rana, yana kama bango kamar ba shi da yaro? Mutane na magana fa."

A coci ma wani dattijo ya ja ni gefe, wai ɗan kirki hutar da ubansa yake yi.

Kunya ta kama ni, na fi tsoron bakin unguwa a kan maganar likita. Na sayo kujera mai laushi na kafa masa a baranda. Ko'ina za shi, sai a mota. Sandar kuwa na ɓoye ta.

"Likita ta ce in taka," in ji Baba.

"Baba, wahalar da ka sha ta isa. Ka huta."

Ya koma kujerar ya zauna. Ba ya musu a gidan da ba shi ya gina ba.

Shekara ba ta zagayo ba babban yatsan ƙafarsa ya yi baƙi. Aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Mai manjan ce ta fara zuwa dubiya, da lemo a leda. Ta ce, "Kai dai ka yi ƙoƙari, Oga. Ko ƙasa ba ka bari ya taka ba."

Har yau in na gan ta raina ɓaci yake. Amma ba ita ta ɓoye sandar ba. Sandar tana nan bayan ƙofar ɗakina. Daga kujerarsa Baba na hango ta in iska ta ɗaga labule, kuma bai taɓa ce mini komai ba.