Tururuwar Inna Hindu

A Jega Firchin, in aka yi shakkar nonon mace, Inna Hindu ungozoma ake kira. Za ta zo da ludayinta da gwangwanin tururuwa, a tatsi nono, a jefa guda ɗaya ciki. In ta fita, nono lafiya. In ta nutse, a cire yaro daga mama. Wai a rataya ran jariri a wuyan ƙwaro! To amma shekara talatin tururuwar Hindu ba ta taɓa nutsewa ba, har mata na tsokanar ta wai a gulbi take koya musu iyo.

Shekarar da aka yanke Kebbi daga Sakkwato, aka kira ta gidan Gado mai albasa. Waliyyu, ɗansu shi da matarsa Umaima, shekara guda da wata biyu, ya rame, ciki sai ka ce tulu. Uwar Gado ta taso daga Maiyama da zanen goyo, ta rantse nono ne ya ɓaci, yau da jikanta za ta koma.

Hindu ta ga yaron na damƙar ƙasa yana kaiwa baki. Aka tatsa, aka jefa. Tururuwar nan kuwa raguwa ce, ta tsaya tana juyi a tsakiya. Umaima ta fara hawaye. Sai Hindu ta saki wata uwar atishawa, ludayi ya karkace, tururuwa ta tsinci kanta a bakin ludayi.

"Ta hita!" Hindu ta rangaɗa guɗa. "Nonon ga lahiya lau. Tsutsa na cikinai, ku kai shi asibiti."

Aka kai shi, aka ba da magani. Kashegari tsutsa biyar suka fito. Kakar da kanta ta ɗora su a tsingaro, ta bi maƙwabta tana nunawa tana cewa ai dama ta faɗa.

Umaima ta kai wa Hindu kwandon albasa, ta yi ƙasa da murya. "Inna, atishawar ga taki..."

Hindu ta yi dariya har ɗankwali ya zame, sannan ta gyara ɗaurinsa.

"Ɗana na hwari, can garin Katanga, tururuwa tan nutse. Anka cire shi ga nono, anka sa shi ga kunu, bai ga damina ba. Wadda tar riƙe ludayin ba ta yi atishawa ba. Ni kau tun ran nan mura ba ta sake ni ba."