Injin Niƙa a But ɗin Istifanus

Shekara ashirin da biyar ke nan da muka binne abokina Istifanus, bakanike a Nasarawa ta kudancin Kaduna. Ya rasu a Disambar shekarar da sojoji suka koma bariki, lokacin da kowa ke cewa wahala ta ƙare. Ni a lokacin ina aiki a masaƙa, in an tashi garejinsa nake wucewa, in zauna a kan tsohuwar taya ina shan surutunsa.

Yana da wata tsohuwar mota, irin waɗanda ake haɗawa a nan Kaduna, da ya tsinto a matsayin gwangwani ya mayar da ita abin kallo. Ba fenti ne ya dame shi ba, nauyi ne. Kullum ƙorafinsa shi ne inji ya danne gaba, baya kuma fayau, shi ya sa mota ke wutsil-wutsil a kwana. Sai ya cire batir daga gaba ya kai shi baya, ya matso da tankin mai kusa da tayoyin baya, ya yanke sifirin ya rage masa tsawo, ya sa shokazoba mai tauri. Motar ta kwanta a ƙasa, gaba da baya suka raba nauyi daidai. Muna tsokanarsa cewa ya fi kula da bayan motar nan a kan bayan gidansa da ke yoyo. Amma duk wanda ya shiga ya ji yadda take shan kwana a hanyar Unguwar Boro, bakinsa mutuwa yake.

Doka ɗaya ya kafa mata: ba a sa mata kaya mai nauyi a ƙarshen but. Ya ce in nauyi ya wuce tayoyin baya, gaba zai ɗaga, sitiyari ya zama na wasa. Na ga ya hana fasto sa buhun shinkafa, ya hana ni kaina sa buhun siminti, ko a jikinsa.

Ana saura kwanaki Kirsimeti ya shirya tafiya gida Filato. Sai ga surukinsa, mahaifin matarsa Rifkatu, da injin niƙa da ya saya zai kai ƙauye. Ina tsaye a wurin. Tsohon ya ce, "Ɗana, ga ɗan kayan nan, a sa mini a baya." Istifanus ya kalli injin, ya kalli motar, ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Baba." Mutum huɗu suka cicciɓa shi, murfin but ma bai rufu ba sai da igiya. Na ja shi gefe na ce ya haukace ne? Ya ce mini, "Da wane baki zan ce wa surukina a'a? Zan bi a hankali."

A wata kwana bayan Kachia ya murza sitiyari, motar ta ƙi ji. Surukin ya tsira da karaya. Rifkatu da yara Allah ya sa bas suka hau. Istifanus kaɗai aka dawo mana da shi a kwance.

Har yau in na tuna haushi nake ji, kuma ba na ɓoyewa. A wurin makoki kowa cewa yake kwanansa ne ya ƙare. Ba na jayayya da ikon Allah, amma mutumin nan ya san abin da zai faru sarai, kunya ce ta rufe masa baki. Mu kuma da muka koya masa kunyar, mu ne muka zauna muna yabon ladabinsa.

Da zai leƙo yau ban san me zai ce ba. Masaƙar da nake aiki ta daɗe da rufewa, garejinsa ya zama shagon cajin waya. A tasha kuwa motoci ne gindinsu na jan ƙasa, hancinsu na kallon sama, an cusa doya da mutane, tsadar mai ta sa direba ba ya iya barin komai. Na tabbata zai tsaya ya zazzaga musu faɗa, in dai babu surukin kowa a ciki.

Motar an sayar da ita ga 'yan gwangwan, dabararsa kuma ta tafi da shi, don bai koya wa kowa ba. Abin da ya rage a wurina baƙin jini ne. Tun daga ranar ba na ɗaukar wa kowa kaya fiye da ƙima, dangi har sun sa mini suna marar mutunci.

Bara Rifkatu, wadda yanzu take zaune a Mahuta, ta roƙe ni in kai mata buhunan siminti ƙauye a motata. Na ce mata a'a, ba zan ɗauka ba. Na zaci za ta yi fushi. Sai ta kalle ni ta ce mini, "Baban Talatu, kalmar ke nan fa. Da Istifanus ya faɗe ta, da yanzu yana nan."